Gidan horon yara na Dakoro: ina wurin dangi?

Makiyaya sun san Dakoro da kasuwar dabbobi, manoma sun san ta da gero da wake, amma ga alƙalai da jandarmomi da masu gadin gidan kaso sunan garin yana da wata ma'ana dabam. A can ne Turawan mulkin mallaka suka buɗe gidan horon yara masu laifi a shekarar 1952, kuma shekaru da dama bayan samun mulkin kai a 1960 shi kaɗai ne irinsa a duk faɗin ƙasar Nijar. Yaron da ya yi sata a kasuwar Yamai, da wanda ya fasa kanti a Damagaram, in alƙali ya ga bai kamata a haɗa shi da manyan fursunoni ba, Dakoro ce ake ambata. Manufar gidan ba ta da aibi, watau a raba yaro da kaso, a koya masa karatu da sana'ar hannu, a mayar da shi cikin jama'a mutumin kirki. Abin da ba a tanada ba tun farko shi ne wurin iyayensa da danginsa cikin wannan aiki. Har yau kuwa tambayar tana nan, ko ana maganar Dakoro, ko sassan yara na gidajen kaso, ko cibiyoyin da ƙungiyoyi ke buɗewa a birane.

Wanda yake son ya gane tunanin waɗanda suka zaɓi wurin ba sai ya tona takardun kumandan ba, taswira ta ishe shi. A 1952 Dakoro sabon bariki ne, shekara 5 kacal da kafa shi, yana zaune a inda gonaki suke ƙarewa makiyaya take somawa. Tsakaninsa da Maraɗi kimanin kilomita 120 ne ta hanyar Kornaka, tsakaninsa da Yamai ya haura kilomita 700, kuma a wancan zamani babu kwalta. Yaron da aka kai can ba shi da inda zai gudu, uwarsa kuma ba ta da yadda za ta iske shi. Haka Faransa ta yi a wasu wurare. A Senegal tsibirin Karaban, a bakin kogin Kazamans, shi aka keɓe wa irin waɗannan yara daga 1927 zuwa 1953. Can ruwa ne shinge, nan daji.

Tunanin zamanin shi ne gida da unguwa su suka lalata yaro, saboda haka maganinsa a tumɓuke shi a dasa a wata ƙasa. A Faransa kanta an yi haka tun 1840 a gandun horon yara na Mettray, inda aka kasa yara rukuni-rukuni, kowane rukuni ana kiransa iyali, an ɗora musu mai tsaro ana ce masa uban gida. Abin lura ke nan: sun yarda yaro ba ya gyaruwa sai cikin iyali, amma sai suka ƙirƙiro masa na aro suka jingine na jini. Gandun nan bai yi kyakkyawan ƙarshe ba, jaridu sun yi ta fallasa azabar da ake yi a cikinsa har aka rufe shi gab da Yaƙin Duniya na Biyu. Dokar Faransa ta 2 ga Fabrairu 1945 ta sa tarbiyya gaba da hukunci a shari'ar yara, amma ɗabi'ar nisanta yaro daga gida ba ta mutu da wuri ba, ta ƙetaro teku.

A 1978 cibiyar binciken IRSH ta Yamai ta buga nazarin da wata masaniya Bafaransa, Danièle Poitou, ta yi a kan laifuffukan yara a Nijar. Ƙasar ba ta daɗe da fita daga farin 1973 da 1974 ba, ƙauyuka sun yi ta zubo samari cikin birane. Nazarin ya danganta al'amarin da wannan kwarara da girman birane, kuma laifin da ya fi yawa sata ce. Ma'anar wannan ita ce da yawa daga cikin yaran da ke faɗawa hannun hukuma sun riga sun rabu da gida tun kafin a kama su. In haka ne, nisanta su ƙara wa ciwo gishiri ne. Yaron da ya bar ƙauyensu ya kwana shekara biyu a tashar mota, aka ɗauke shi aka ƙara masa shekara biyu ko uku a wuri mai nisa, ranar da aka sallame shi baƙo ne a gidan ubansa. Tasha ce kaɗai wurin da aka san sunansa, can kuwa zai nufa.

Abin da doka ta ce

A takarda Nijar ba ta baya. Dokar hukunta laifuffuka ta 1961 ta ce yaron da bai kai shekara 13 ba ba a ɗora masa alhakin laifi, wanda ke tsakanin 13 da 18 kuma ana duba ko ya san abin da ya aikata, in an hukunta shi a sassauta. Ƙasar ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan hakkin yara a 1990. Doka mai lamba 99-11 ta 14 ga Mayu 1999 ta kafa kotunan yara, sannan doka mai lamba 2014-72 ta 20 ga Nuwamba 2014 ta maye gurbinta. Alƙalin yara yana da ikon ya damƙa yaro ga iyayensa, ko ga mai riƙonsa, ko ga wani amintaccen mutum, kafin ya yi tunanin tsare shi. Yarjejeniyar ta duniya ta sa tsarewa ta zama mataki na ƙarshe kuma na ɗan lokaci, ta ba yaron da ke tsare hakkin samun wasiƙa da ziyara daga danginsa. Ƙa'idodin Habana, waɗanda Majalisar ta amince da su a Disamba 1990, sun ma faɗi adadi: ziyara sau ɗaya a mako, in ta yi ƙaranci sau ɗaya a wata, kuma gidajen su zama ƙanana, a warwatse cikin ƙasa, don dangi su iya isa.

To, hakkin ziyara abu ne mai daɗin rubutawa, amma ba takarda ke ɗaukar mutum zuwa ƙofar gidan horo ba, mota ce. Matar da ke sayar da ƙosai a bakin titi, in za ta ga ɗanta, sai ta rufe kaskonta kwana biyu ko uku, ta nemi kuɗin mota zuwa da dawowa, ta nemi izinin mijinta wanda watakila ba shi ne uban yaron ba, ta nemi takardar izinin ziyara in yaron jiran shari'a yake, kamar yadda da yawa daga cikinsu suke. Ba za ta je hannu sake ba, sai da ɗan gari da ƙuli-ƙuli da sabulu. In ta isa garin da ba ta san kowa ba, ina za ta kwana? Sai wata ya wuce, biyu su wuce, ma'aikaci ya rubuta cikin littafi cewa iyaye ba su damu ba. Wannan shaida ce ta zalunci, domin abin da aka auna aljihun uwa ne, ba zuciyarta ba.

Ziyarar kuwa ba tausayi kaɗai ba ce, tana da amfanin da aka ƙidaya. A jahar Minnesota ta Amurka hukumar gidajen kaso ta fitar da wani bincike a 2011 a kan fursunoni fiye da 16,000. An ga waɗanda aka ziyarta haɗarin sake kama su da babban laifi ya ragu da kashi 13 cikin 100. Manya ne aka bincika, kuma ƙasar ba irin wannan ba ce, saboda haka ba a ɗauko adadin a liƙa wa Dakoro. Amma akwai wani abu cikin binciken da ya cancanci a tsaya a kansa: ba kowace ziyara ce ke da nauyi ɗaya ba. Ta ƴan'uwa da surukai da uba da malaman addini ta fi amfani, ta tsohuwar mata ko tsohon miji kuwa ƙara ɓarna take yi. Watau tambayar ba ta tsaya ga ko an zo ba, har da wane ne ya zo.

Wane ne iyali?

Nan ne gizo ke saƙa. Takardun da ma'aikata suka gada daga Faransa layi biyu gare su, sunan uba da sunan uwa. Iyalin ƙasar Hausa bai shiga cikin layi biyu ba. A sha'anin aure da saki al'ada kotu take bi, al'ada kuwa ta saba mayar da yaro gidan ubansa in aure ya mutu, ko da yake malaman Malikiyya sun fifita uwa da danginta wajen riƙon ƙaramin yaro. Sai a iske yaro a hannun kishiyar uwa, ko ya bi uwarsa gidan wani ya zama agola, ko an ba da shi riƙo ga gwaggo, ko an damƙa shi ga malami ya tafi gabas tun yana shekara bakwai. In ma'aikaci ya aika wa uba sammaci, uba ya zo ya dangwala yatsa ya koma, an cika ƙa'ida, amma mai yiwuwa mutumin da yaron ke jin maganarsa bai ma san an kama shi ba.

Akwai kuma maganar kunya, wadda littattafan horar da ma'aikatan jin daɗin jama'a da aka rubuta a Turai ba su san da ita ba. Can ana zaunar da uba da ɗa fuska da fuska, a ce kowa ya faɗi abin da ke ransa. A ƙasar Gobir da Katsinar Maraɗi ɗa ba ya kallon ƙwayar idon ubansa, balle ya ce masa ga inda ka ƙware ni. In ɗan fari ne abin ya fi tsanani, uwa ba ta faɗin sunansa, ba ta nuna damuwa da shi a gaban mutane. Baƙon da ya gan ta zaune ta kau da kai zai ce ba ta ƙaunarsa, alhali kuwa alkunya ce take yi, kuma watakila ita ta sayar da akuyarta don a zo. Amma al'adar da ta ɗaure bakin iyaye ita ce ta kwance na wasu. Kaka tana wasa da jikanta, tana ce masa mijina, tana iya tsokanarsa da ɓarawo ya yi dariya, daga wasan kuma gaskiya ta fito. Kawu yana da hakkin tsayawa tsakanin yaro da fushin ubansa. Taubashi yana faɗin abin da kowa ya kasa faɗi. Waɗannan hanyoyi sun girme kowace ma'aikata, kuma ba a biyan ko dala don amfani da su. Abin da ake bukata kawai shi ne tun ranar farko a tambayi yaro: wa kake so a gaya wa, wa kake jin nauyinsa, gidan wa kake zuwa in an kore ka? Sunayen nan su ya kamata su shiga takarda tare da na uba da uwa.

Ƙasar Niyu Zilan ta kai wannan tunani cikin doka a 1989. Bayan ƙorafin da ƙabilar Mawori ta daɗe tana yi cewa hukuma na kwashe mata yara, aka kafa taron dangi. Ana tara yaro da danginsa na kusa da na nesa, da wanda aka yi wa laifi, da ɗan sanda, a baje magana, sannan ma'aikata su fita su bar dangi su kaɗai su shirya yadda za a biya ɓarna da wanda zai tsaya wa yaron. Bahaushe ba zai ga baƙon abu cikin wannan ba, zaure ne da tabarma. Bambancin shi ne can doka ta ba zaman ƙarfi, nan kuwa ana yinsa in an yi sa'ar alƙali ko ma'aikaci mai hangen nesa.

Kada a ɗauka cewa duk abin da dangi suka yi daidai ne. A watan Satumba 2019 ƴan sandan Najeriya suka shiga wani gida a unguwar Rigasa ta Kaduna suka fito da mutum fiye da 300, yara da manya, wasu da mari a ƙafa, jikinsu duk tabon bulala. A watan Oktoba aka buɗe irinsa a Daura da wasu garuruwa. Yawancin waɗanda ke ciki ba sato su aka yi ba, iyayensu ne suka kai su da hannunsu, suna biyan kuɗi, don a raba su da shaye-shaye ko sata ko taurin kai. Iyayen nan ba mugaye ba ne gaba ɗaya, mutane ne da dabara ta ƙare musu, suka ga ƙofa ɗaya a buɗe suka shiga. Amma sun yi abin da hukumar mulkin mallaka ta yi: sun miƙa yaro, sun juya baya, suna jiran a kawo musu shi gyararre kamar keken da aka kai wa mai faci. Inda idon dangi ba ya shiga, ko gidan na malami ne ko na gwamnati, abin da ke faruwa bayan ƙofa Allah kaɗai ya sani. Tun da tramol da sauran ƙwayoyi suka yaɗu cikin samari, iyayen da ke neman inda za su ajiye yaro ƙaruwa suke yi, kuma iyakar da ke tsakanin Maraɗi da Katsina ba ta tsare kowa.

Akwai kuma gidan da shi ne tushen ciwon, inda ake dukan yaro har ya gudu, ko ake tura shi bara ko talla a ce kada ya dawo hannu wofi. Mayar da yaro irin wannan gida don kawai doka ta ce iyali, jefa shi rijiya ne. Sai dai a ƙasar da mutum ke da baffanni da kawunnai da kakanni ta ɓangare biyu, da wuya a rasa ƙofa ɗaya mai aminci. Neman ta aiki ne na ƙafa, sai an hau babur an shiga ƙauye an zauna da maigari, ba a yinsa daga bayan tebur.

Darasin asibiti

Mutanen Dakoro sun ga wani misali da idonsu. A yunwar 2005 ƙungiyar likitoci ta MSF ta gudanar da cibiyoyin jinyar yara masu tamowa a Maraɗi da Dakoro da wasu garuruwa. Yaran sun fi ƙarfin gadaje, saboda haka aka bi wata hanya: wanda ya galabaita a kwantar da shi tare da uwarsa, sauran kuwa, waɗanda su ne mafi yawa, a ba uwa abincin magani na Plumpy'Nut, a nuna mata yadda ake bayarwa, ta koma gida, ta riƙa kawo yaro awo kowane mako. Dubban yara suka warke a ɗakin uwayensu. Wasu sun yi shakkar ko matar ƙauye da ba ta shiga lakwal ba za ta iya, sai ga shi ta iya. Babu asibitin da ke karɓar ƙaramin yaro ba tare da mai jinya ba, kowa ya san haka, har ana tanadar wa masu jinya rumfa. Abin mamaki ne a ce yaron da cikinsa ke ciwo ana kwantar da shi da uwarsa a gefe, wanda halinsa ke ciwo kuwa a kulle shi shi kaɗai shekara da shekaru.

Ba ana nufin uwa ta tare a gidan horo ba. Abin da misalin ke koyarwa shi ne gidan kwana na ƴan kaɗan ne kuma na ɗan lokaci, babban aikin a gida ake yinsa, mai yinsa kuma sai an koya masa an kuma riƙa leƙa shi. Ɗaki guda na baƙi a harabar gidan horo, da kuɗin motar mutum ɗaya sau ɗaya a wata, da wayar hannu a ofishin shugaban gida wadda yaro zai kira da ita ranar Juma'a, ba su kai kuɗin ciyar da yaron da ya sake dawowa karo na biyu ba. A 1952 wasiƙa sai ta yi makonni, sai an nemi mai karantawa. Yau da wuya a sami ƙauyen da babu mai waya, saboda haka uzurin nisa ya ragu ƙwarai.

Ranar komawa

Duk abin da aka koya wa yaro a gidan horo, ranar da ya sauka daga mota a ƙauyensu ake soma jarrabawarsa. Labari ya riga shi isowa. Sunansa ya zama ɗan kaso, ko da kuwa ba kaso ya je ba, domin talaka bai bambanta gidan horo da gidan kaso ba. In kaza ta ɓata shi za a duba. Mai akuyar da ya sata yana nan, bai ga ko sisi ba, kuma hukuncin da alƙali ya yanke a birni bai sanyaya masa zuciya ba. In ya isa aure, gidan da ya nufa za a ce a dakata a yi bincike. Yaro mai shekara 17 ba ya jure wannan fiye da ƴan makonni. Zai ɗauki ƴar jakarsa ya koma inda ba a tambayar asali.

Saboda haka sallama ba ta kamata ta zama aikin yini ɗaya ba. Kafin ranar, lalle ne a yi sulhu da wanda aka yi wa laifi. Dokar sarautar gargajiya ta 2015 ta tabbatar wa sarakuna ikon sasanta jama'a a al'amuran al'ada da na dukiya. Hukunta laifi ba nasu ba ne, na kotu ne, amma biyan akuya da neman gafara a gaban maigari da liman aikinsu ne tun kaka da kakanni. In kawu ya tashi a zauren maigari ya ce yaron nan a wuyana yake, mai akuya ya ce na yafe, liman ya shafa fatiha, to an buɗe wa yaro ƙofar da takardar alƙali ba ta iya buɗewa. A 2019 gwamnati ta kafa kwamitocin kare yara tun daga matakin ƙasa har zuwa ƙauyuka, kuma a da akwai ma'aikatan da aka sani da sunan SEJUP, waɗanda aikinsu ya haɗa da bin sawun yaran da suka shiga hannun shari'a. Sassan aikin suna nan ke nan. Abin da ke wuya shi ne igiyar da za ta ɗaure su, a san wane ne zai leƙa yaro bayan mako biyu, da bayan wata uku, da wanda zai zuba masa mai a babur.

Maganar sana'a ma tana bukatar a sake duba ta. An saba a yi biki a miƙa wa yaro keken ɗinki ko akwatin kayan kafinta, a ɗauki hoto, a watse. Ƙauyen da ke da tela biyu ba ya ciyar da na uku, kuma a gidan da rumbu ya ƙare tun watan bakwai bai kama ba, keken ɗinki buhun gero ne da ke jiran ranar kasuwa. Ba wanda zai zargi uban da ya sayar. Da an tambayi dangi tun farko wace sana'a ce ke da ci a wurinsu, wane mai sana'a ne zai karɓi yaron a rumfarsa, da kayan sun shiga hannun maigidan sana'a amana, da sun daɗe. Wani yaron ma ba keke yake bukata ba, gamana yake so, ɗan yankin gonar da zai noma don kansa, da takardar haihuwa wadda in babu ita ba ya samun katin shaida, kowane shingen jandarma kuma tsohon tsoro ne. Hatta lokacin sallama yana da muhimmanci. Yaron da ya iso da faɗuwar ruwan farko hannu ne da ake bukata a gona, za a yi marhabin da shi. Wanda ya iso tsakiyar rani, sa'anninsa duk sun tafi cin rani, baki ne da ya ƙaru a kan akushi. Ba a tsare yaro ko kwana ɗaya fiye da wa'adinsa don jiran damina, amma alƙalin da ke da ikon sake duba matakin da ya ɗauka yana iya gaggauta shi ya dace da shuka.

Ga ƴa mace abin ya fi ɗaci. Namiji ana cewa ƙuruciya ce, mace kuwa tabon yana bin ta har ɗakin aure, kuma maganin da dangi suka fi saurin kawowa shi ne a aurar da ita ga wanda ya samu, a rufe magana. Nan ma'aikaciya mace da gwaggo ko inna mai faɗa a ji su ne kaɗai ke iya tsayawa.

Ƙasar Dakoro tana da wata wahala ta kanta, domin ba kowane iyali ne ke da ƙofa da za a ƙwanƙwasa ba. Arewa da kwarin Tarka, wajen Bermo da Gadabeji, Fulani da Buzaye suna bin ciyawa da ruwa. Rugar da ke nan da damina, da rani tana wata ƙasa. Sammacin da aka aika da sunan ƙauye ba zai iske kowa ba, sai a rubuta ba a ga iyaye ba. Amma arɗo ya san inda mutanensa suke, ana kuma haɗuwa da su a bakin rijiya da ranar kasuwa. Makiyayan kuwa suna da wata al'ada da ta dace da wannan aiki fiye da dabaru da yawa da ake shigowa da su. Fulani suna kiranta habbanaye: mutum ya ba ɗan'uwansa da ya rasa dukiya aron karsana, ya kiwata ta har ta haihu, ƴaƴan su zama nasa, uwar ta koma wa mai ita. Ƙungiyoyin agaji sun ari wannan tsari da awaki bayan shekarun fari. Yaron da ya fito daga gidan horo aka damƙa masa akuya biyu ta wannan hanya, a gaban kawunsa da arɗo, ya sami abin yi da safe, ya sami wanda ya amince masa da dukiya bayan an kira shi ɓarawo. Mai akuya kuma, ko ba ma'aikacin da ya tura shi, zai riƙa ratsowa lokaci-lokaci ya ga yadda dabbarsa take.